Idan Famfon Ganga Ya Koma Zubo Kumfa Zalla: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tebur a wurin biki da gangar giya irin ta tafi-da-gidanka ya san wannan tashin hankalin. Baƙi sun yi layi, ka ja famfo, farar kumfa ta cika tambulan, can ƙasa ɗan abin da bai kai kaurin yatsa biyu ba. Ka zubar ka sake, jiya i yau. Nan take hannu zai kai ga regileta, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin gas ɗin da ke tura giya daga ganga, ya rage gas, don a ido sai ka rantse ƙarfi ne ya yi yawa. Farkon shigata aikin na yi wannan kuskuren a wata liyafa da aka yi a fili. Ina ragewa kumfa tana ƙaruwa, har kusan sulusin ganga ya ƙare a bokiti. Sai daga baya na gane gangar ce ta sha rana a bayan mota, kuma ragin da nake yi shi ne yake ƙara dagula lissafin.

A Najeriya da Nijar kwalba da gwangwani ne suka cika kasuwa. Kayan ganga da famfo kuwa an fi ganinsu a Jamus, Ingila da Amurka, a nan gida kuwa sai manyan otal-otal da masu hidimar biki. Amma ba giya kaɗai ake zubawa da su ba. Da su ake ba da giya marar sa maye, da ruwan soda, da lemo mai gas, kuma ƙa'idar duk ɗaya ce.

Fara sanin abin da kumfar take

Kumfa gas ne da ya gudu daga cikin giya kafin lokacinsa. Gas ɗin, wato kabon dayoksaid, a narke yake a ciki, kuma abu biyu ne suke riƙe da shi: sanyi da matsi. Wani masani ɗan Ingila, William Henry, ya bayyana wannan tun 1803, cewa yawan gas da ke narkewa a ruwa yana bin yawan matsin da ke kansa. Mai sayar da lemo ma ya san haka ko bai san sunan ba: kwalbar da ta fito daga ƙanƙara a hankali take huci, wadda ta sha rana kuwa kana buɗewa sai ta yi maka ambaliya.

Yawancin giyar laga tana ɗauke da gas kimanin lita 2.5 a kowace lita ɗaya, wato wajen giram 5. Don gas ɗin ya zauna lafiya a ciki, ga matsin da ake bukata. A digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, kimanin psi 12 (psi shi ne ma'aunin matsi, irin na iskar taya). A digiri 10, wajen psi 18. A digiri 20, wajen psi 28. Idan gangar ta kai digiri 30, sai an kusa psi 39, wanda ya zarce iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota. Ka dubi waɗannan lambobi da kyau, don su ne gaba ɗayan maganar. Ganga mai ɗumi ƙarin matsi take nema, ba ragi ba. Shi ya sa regileta ba shi ne abin da za ka fara taɓawa ba.

Mataki na farko: hannunka da tambulan

Wannan ba ya cin ko sisi, don haka da shi ake farawa. Buɗe famfo gaba ɗaya, lokaci guda. Mai jin tsoron kumfa yakan ɗan ja rabi-rabi, sai giya ta matsu ta ƙaramar kafa ta tarwatse, kamar yadda ruwa ke feshi in ka danne bakin tiyo da babban yatsa. Karkata tambulan kamar digiri 45, giya ta bi ta jikinsa, in ya wuce rabi ka miƙar da shi. Kada bakin famfo ya nutse a ciki.

Tambulan mai ƙura, ko wanda ya bushe da ragowar sabulu, ko wanda ya yi zafi a kwali, duk suna tayar da gas. Wanda aka daskarar a firiza ma haka, don ƙanƙarar da ta kama jikinsa ita ce wurin da gas ke samun madafa. Ɗauraye shi da ruwan sanyi kafin zubi. Kumfa mai kaurin santimita 2 zuwa 3 a sama ba aibi ba ce, haka ake so.

Mataki na biyu: zafi

A nan ne mafi yawan matsaloli suke, musamman a ƙasar da Afrilu ke kai digiri 40. Kada ka yarda da tafin hannu, kada kuma ka yarda da lambar da ke jikin firiji. Zuba tambulan ɗaya, ka ajiye, zuba na biyu, ka tsoma ma'aunin zafi a cikin giyar kanta. Abin da kake nema digiri 3 zuwa 5 ne. In ka ga 8 ko 10, ka kama ɓarawonka.

Ganga ba kwalba ba ce. Mai lita 30 ko 50 tana bukatar kwana ɗaya cur a sanyi kafin cikinta ya huce, ko da jikin ƙarfen ya yi sanyi cikin awa guda. Mutane da yawa nan suke ruɗuwa: su taɓa su ji raɓa, su ce ta yi. Ba ta yi ba. Kuma tana ɗaukar zafi da sauri fiye da yadda take sauke shi, don haka tafiyar awa biyu a buɗaɗɗiyar mota ta isa ta rushe sanyin daren jiya. In wuta ta ɗauke cikin dare ba a tada janareta ba, ka ɗauka lissafinka ya koma baya.

A wurin biki, saka gangar a babban baho ko rabin duro, ka cika da ƙanƙara da ɗan ruwa. Bututun da ke cikin ganga daga gindi yake janyo giya, saboda haka ƙasan ne ya fi bukatar sanyi, amma in da hali ƙanƙara ta kai wuya. Rufe saman da jiƙaƙƙen buhu, ka nemi inuwa, ka kuma tuna inuwar ƙarfe goma ba ita ce ta ƙarfe biyu ba. Bayan an sauke ta daga mota, a bar ta ta huta awa ɗaya ko biyu kafin a huda.

Akwai alama mai saukin ganewa. In tambulan na farko ne kawai yake kumfa, na biyu da na uku suka fito lafiya, sannan bayan hutun minti goma abin ya dawo, to gangar ba ta da laifi. Giyar da ta tsaya a tiyo da famfo ce take ɗumama. Naɗe tiyon ka ɗora shi a kan ƙanƙara, ka rage abin da ke waje, ka kare famfon daga rana.

Mataki na uku: karanta tiyo

In tiyonka mai gani-har-hanji ne, shi zai gaya maka gaskiya fiye da geji. Rufe famfo, ka haska tocila, ka duba daga inda ya fito daga ganga.

In ka ga ƙananan ƙwayoyin gas suna tasowa suna taruwa a wuraren da tiyon ya yi tudu, har su zama gibi babu giya, to gas yana ficewa tun a hanya. Ma'anarsa matsin bai kai abin da zafin gangar ke nema ba. Ko ka ƙara sanyi, ko ka ƙara matsi. Irin wannan famfo tari yake yi: giya, kumfa, tsaki, giya.

In kuwa tiyon cike yake tam, babu ƙwaya ko ɗaya, amma kana buɗewa giya ta fito da gudu kamar an kore ta, ta bugi tambulan ta zama kumfa, to matsalar gudu ce. Wannan mataki na biyar ne zai warware shi.

In ƙwayoyin ba sa bayyana sai lokacin da giya ke tafiya, kuma daga wuri guda suke fitowa kullum, a bakin mahaɗi, wato abin da ke haɗa tiyo da kan ganga, ko wani gaɓi, ka sa wa wurin alama. Washa ce ko datti.

Mataki na huɗu: yanzu ka zo kan regileta

Kafin komai, tabbatar gas yana shiga. Abin dariya ne, amma sau nawa ana samun kan tukunyar gas a rufe, ko ƙaramin bawul ɗin da ke ƙarƙashin regileta a gicciye. Ganga sabuwa da matsinta take zuwa, za ta ba ka tambulan goma lafiya ƙalau ba tare da gas ba, sannan ta fara kumfa a hankali yayin da matsin cikinta ke sauka.

Regileta mai geji biyu yana yaudarar baƙo. Gejin da ke nuna babban matsi ba ya faɗa maka yawan gas da ya rage, domin gas ɗin a ruwa yake cikin tukunya. A digiri 20 allurar za ta tsaya wajen psi 830 tun tukunya tana cike har ruwan ya ƙare, sannan ta faɗi farat ɗaya. In kana son sanin abin da ya saura, ɗora tukunyar a sikeli ka cire nauyinta na asali da aka buga a wuyanta.

Sai ka daidaita ƙaramin gejin da zafin da ka auna. Giyar laga a digiri 4, psi 12. Giyar alkama irin ta Jamus gas ɗinta ya fi yawa, yakan wuce lita 3 a lita, don haka tana neman ƙari. Tudu ma yana da tasiri, saboda geji yana auna matsi ne a kan na iskar wurin, ita kuwa tana raguwa in an hau sama. Ana ƙara psi 1 a duk mita 600. A Jos, da ke wajen mita 1,200 sama da teku, ka ƙara psi 2 a kan abin da za ka sa a Legas.

Wani abu da ake mantawa: in ka juya regileta don ragewa, allura ba za ta sauka ba sai ka ja zoben sakin iska da ke jikin mahaɗi ko murfin ganga. In ba haka ba tsohon matsin yana nan a ciki. Kuma bayan kowane gyara ka jira minti kaɗan, ka zubar da abin da ke cikin tiyo, sannan ka yanke hukunci. Kada ka sauya abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

In ka sa 12 ka dawo bayan awa ɗaya ka tarar da 20, regiletan yana satar hawa, robar cikinsa ta gaji ko datti ya shiga. Wannan sai gyara ko sauyi.

A nan dole in tsaya kan tukunyar gas. A tsaye take aiki, ɗaure da igiya ko sarƙa, don in ta kwanta ruwan gas zai shiga regileta ya lalata shi. Kada a bar ta a rana ko a rufaffiyar mota, matsinta yana tashi sosai da zarar ta wuce digiri 31. Gas ɗin ba shi da launi, ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, kuma yoyonsa a ƙaramin ɗaki yana iya kisa. Kada ka taɓa haɗa tukunya da ganga ba regileta a tsakani, kada kuma matsi ya kai psi 60.

Mataki na biyar: tsawo da faɗin tiyo

Ga inda dabarar take. Ganga tana neman psi 12 don ta riƙe gas, amma tambulan ba ya son giya ta iso masa da wannan ƙarfin. Aikin tiyo ne ya cinye ƙarfin a hanya, giya ta iso a natse. Ma'aunin da ake bi shi ne rabin lita cikin daƙiƙa 8 ko kusa da haka. Ɗauki agogon waya ka gwada. In tambulan ya cika cikin daƙiƙa 4, tiyonka gajere ne ko ya cika faɗi.

Tiyo mai ramin milimita 5 yana cin psi 2 zuwa 3 a kowace ƙafa, bisa ga irin robarsa. Mai ramin milimita 6 da ɗoriya ba ya cin ko psi 1, mai milimita 9.5 kuwa kusan ba ya cin komai. Hawa ma yana ci, wajen rabin psi a duk ƙafa ɗaya da famfo ya fi ganga tsayi. A takarda, ƙafa 5 na siririn tiyon ya isa psi 12. A aikace na fi son in fara da mita 3, in ya yi jinkiri in riƙa yanke taƙi ɗaya-ɗaya har ya daidaita. Yankewa da sauƙi, ƙarawa ce ba ta yiwuwa sai da gaɓi, gaɓi kuma wani sabon wurin kumfa ne.

Yawancin ƙananan kayan tafiya da guntun tiyo ake sayar da su, wasu ma famfon a kan gangar yake kai tsaye. Su ne suka fi jefa mutane cikin tarkon rage gas zuwa psi 4 ko 5. Zubi zai yi kyau na ɗan lokaci, sannan gas ya fara barin giya, kumfa ta dawo, abin da ya rage ya zama lami. In ba za ka iya tsawaita tiyo ba, nemi famfo mai ɗan hannu a gefe na daidaita gudu. In ganga ƙarama ce da za ta ƙare cikin awa ɗaya ko biyu, rage matsin ba laifi, amma a mayar da shi daidai in an tashi ba ta ƙare ba.

Duba kuma ko tiyon ya lanƙwashe, ko ƙafar tebur ta danne shi.

In kula mai koyil kake amfani da ita

Wannan ita ce kular da aka naɗe dogon bututun ƙarfe a cikinta, giya ta ratsa ta yi sanyi kafin ta kai famfo. Amurkawa suna ce mata joki bokis. Lissafinta daban ne, kuma wanda ya sa mata psi 12 zai sha kumfa har ya gode Allah. Gangar tana waje da ɗumi, koyil ɗin kuma dogo ne, mai ƙafa 120 yakan nemi psi 30 zuwa 40.

Koyil ƙanƙara da ruwa yake so, ya nutse gaba ɗaya, don ruwan ne ke taɓa kowane lungu. Wadda take da faranti na alminiyam a maimakon koyil akasin haka take: ƙanƙara a sama da ƙasa, a bar magudana a buɗe ruwa ya riƙa fita, a riƙa danna ƙanƙarar don kada ta yi rumfa ta bar farantin. Farantin ba ya jure ganga mai zafi kamar koyil, saboda haka gangar ma a sa mata ƙanƙara.

Fara tura giya cikin koyil kafin ka zuba ƙanƙara, domin ragowar ruwan wanki yana iya daskarewa ya toshe hanya. Kada ka zuba gishiri a ƙanƙarar kamar yadda masu sanyaya lemo ke yi. Giya tana daskarewa wajen digiri 2 ƙasa da sifili, kuma bututun da ya fara kama ƙanƙara a ciki kumfa yake fitarwa kafin ya tsaya cak. Da an tashi biki a kashe gas, don ganga in ta kwana a psi 35 cikin sanyi za ta sha gas fiye da kima.

Famfon hannu da ƙananan harsasai

Famfon da ake bugawa da hannu iskar waje yake turawa, ba gas ba. Kada a buga ko sau ɗaya da farko, matsin gangar ya isa. Sai gudu ya ragu a buga sau biyu ko uku, ana yi famfon zubi yana buɗe. Matsalar ita ce kowane baƙo da ya zo sai ya buga nasa, don haka a sa mutum ɗaya a kai. Giyar da iska ta shiga ba ta kwana da daɗinta, a gama da ita ranar.

Ƙaramin harsashin gas, wato 'yar kwalbar ƙarfe mai gas da ake sawa a madadin tukunya, mai giram 16 yana tura kimanin lita 4 zuwa 5. Gangar Cornelius, wato siririyar gangar ƙarfe mai murfin da ake buɗewa, mai lita 19 za ta ci huɗu ko biyar. In kumfa ta fara a tsakiyar ganga, sau da yawa harsashin ne ya ƙare ba ka lura ba.

Mahaɗi, washa da datti

Mahaɗin da ake ɗaura wa kan ganga iri-iri ne: D a Amurka, S a yawancin Turai, A a gangunan Jamus da yawa, U na Guinness, akwai kuma G da M. D da S sun yi kama har mutum ya ɗaura ɗaya a wurin ɗaya, amma tsawon harshensu ba ɗaya ba ne. Duba wanda gangarka ke nema, ka kuma tabbatar hannun ya sauka har ya kulle. In ya tsaya a rabi, giya ta ƙaramar kafa za ta matso.

Cire mahaɗin ka duba robar da ke ƙasansa da wadda ke bakin ganga. Tsaga ƙanƙanuwa ta isa gas ya tsallaka kai tsaye cikin hanyar giya. A gangar Cornelius, zoben robar da ke wuyan dogon bututun ciki shi ne ya fi yin wannan ɓarna, kuma ba a ganinsa sai an kwance. Ajiye washa da zobba na ko-ta-kwana a aljihun jakar aiki. Yoyon gas a waje kuwa da ruwan sabulu ake kama shi, kamar na tukunyar girki.

Tiyon da ba a wankewa yana tara yis da wani farin dutse a ciki, gas kuma yana kama duk wani kaushi ya tashi. Wanda ke aiki kullum ana wanke shi duk mako 2 da ruwan sinadarin kostik soda na wankin tiyo mai ƙarfin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, da safar hannu da tabarau, a ɗauraye sosai. Na tafiya kuwa bayan kowane biki, kafin ya bushe, a kwance famfon ma a goge. Tiyon da ya yi duhu ko ya taurare, a jefar.

In gangar ce ta sha gas da yawa

Ka bi duk waɗannan, sanyi daidai, tiyo daidai, amma ƙwayoyi suna nan, giyar kuma tana cizon harshe fiye da yadda aka saba. Wataƙila ta kwana biyu a matsi mai yawa. Gwajin shi ne ka rufe gas, ka saki iskar saman, ka bar ta awa biyu ko uku da geji a haɗe. In matsin cikinta ya koma sama da abin da zafinta ke nema, ta ƙoshi. Maganin haƙuri ne: gas a rufe, a riƙa jan zoben sakin iska duk bayan awa ɗaya ko biyu, wani lokaci har kwana guda. A tsakiyar biki babu wannan lokacin. Abin da za ka iya shi ne ka ƙara sanyi iyakar iyawa, ka ɗaga matsi har ƙwayoyin tiyo su ɓace, ka sa tiyo mafi tsawo da kake da shi, ka riƙa zubawa a jug mai sanyi kumfar ta kwanta. Kada ka zubar da ita kamar yadda na yi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kumfa giya ce.

Guinness ta ganga ba ta cikin wannan lissafin. Da gaurayen gas ake tura ta, kashi 75 naitirojin, 25 kabon dayoksaid, da famfonta na musamman mai faranti mai ƙananan huda. Wanda ya tura ta da kabon dayoksaid zalla a matsinta na sama da psi 30 zai mayar da ita kumfa.

In kuma komai yana tafiya lafiya tun rana, sai can da dare famfo ya yi atishawa ya fara feso kumfa da iska, kafin ka kwance komai ka kama kunnen gangar ka ɗaga. Mai lita 50 in tana cike ta haura kilo 60, in ta ƙare kilo 12 ne ko kusa da haka. In ta taso da hannu ɗaya, rufe famfo, ɗaga hannun mahaɗi, ka jawo ta gaba daga cikin ƙanƙara.